Ka Taɓa Yin Tafiya da Shi? Sharhi Kan Yadda Ake Gane Mai Amana

A zamanin halifancin Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, wani mutum ya zo ba da shaida a gabansa. Umar ya dube shi ya ce bai san shi ba, kuma rashin sanin ba aibi ba ne a gare shi, amma ya je ya zo da wanda ya san shi. Sai wani daga cikin waɗanda ke zaune ya ce ai shi ya san shi, adali ne, mutumin kirki. Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne na kusa, wanda ya san darensa da ranarsa, shigarsa da fitarsa. Ya ce a'a. Ya tambaye shi ko sun taɓa hulɗar dinari da dirhami, inda ake gane tsantsenin mutum. Ya ce a'a. Ya tambaye shi ko sun taɓa yin tafiya tare, inda halin mutum yake fitowa fili. Nan ma ya ce a'a. Umar ya ce masa, ashe ba ka san shi ba. A wata ruwayar har ya ƙara da cewa wataƙila dai a masallaci ka gan shi yana sunkuyar da kai yana ɗagowa.

Kullum muna cewa wane mutumin kirki ne, wance tana da amana, wannan yaron bai yi kama da maƙaryaci ba. Da za a tsare mu da tambayoyin Umar guda uku, da yawancinmu a'a za mu yi ta amsawa. Abin da muke riƙe da shi bai wuce fuska da lafazi da sutura ba, sai kuma wanda ya haɗa mu da mutumin. Akwai abin da ke sa a ga mutum kamar mai gaskiya, akwai kuma abin da ke sa ya cancanci a damƙa masa dukiya ko 'ya ko sirri. Sau da yawa su biyun sukan haɗu a mutum guda, shi ya sa duniya take tafiya. Amma akwai rata a tsakaninsu, kuma a cikin ratar nan ɗan damfara yake kafa rumfarsa.

Mu fara da fuska, tunda ita ido ke fara cin karo da ita. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma duk ɗan Adam haka yake yi, ko ya san karin maganar ko bai sani ba. A shekarar 2006 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Jami'ar Firinston ta Amurka, Janine Willis da Alexander Todorov, sun riƙa haska wa mutane hotunan fuskokin da ba su taɓa gani ba, na ɗan lokacin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na sakan guda ba, sannan su tambaye su ko mai fuskar abin yarda ne. Hukuncin da mutane suka yanke a wannan ƙiftawar ido ya zo kusan daidai da na waɗanda aka bari suka kalli hoton iya son ransu. Ƙarin lokaci bai sauya ra'ayi sosai ba, abin da ya ƙara shi ne yadda mutum ke jin ya tabbata da ra'ayin nasa. Shekara guda kafin nan, Todorov da abokan aikinsa sun nuna cewa idan aka ba mutane hotunan 'yan takarar majalisar dattawan Amurka da ba su sani ba, aka ce su zaɓi wanda ya fi kama da ƙwararre, wanda suka nuna shi ne ke cin zaɓen a kusan kashi 70 cikin ɗari na kujerun. Wato kafin mutum ya buɗe baki mun riga mun yanke masa hukunci, abin da ya biyo baya neman hujja ne kawai. Binciken ya nuna mutane suna haɗuwa a kan fuskar da suke ganin ta mai gaskiya ce. Bai nuna cewa hasashen nasu yana dacewa da halin mai fuskar ba.

Ba ina rage darajar sakin fuska ba ne. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma murmushi ga ɗan uwa sadaka ne. Matsalar ita ce fara'a ba ta da tsada. Mai gaskiya yana da ita, mai cin amana ma yana iya sayenta da kwabo, kuma shi ya fi buƙatarta, don haka ya fi kula da ita.

Akwai masu cewa su ba a yi musu ƙarya, da sun dubi idon mutum sun gano shi. A 2006 ɗin dai wasu masanan biyu, Charles Bond da Bella DePaulo, sun tattara gwaje-gwaje sama da 200 da aka yi da mutane fiye da dubu 24, inda ake sa mutum ya bambance mai gaskiya da maƙaryaci ta kallo da sauraro kawai. Matsakaicin dacewa ya tsaya a kashi 54 cikin ɗari. Wanda ya rufe ido ya yi canke zai sami kashi 50. Tazarar ke nan tsakanin basirar da muke taƙama da ita da tsagwaron canke.

Batun ido ya fi komai damuna, domin mu ya fi cutarwa. A ƙasashe da dama an yi imani cewa maƙaryaci ba ya iya haɗa ido da mutum, bincike kuwa bai gaskata hakan ba. A ƙasar Hausa an raine mu a kan cewa yaro ba ya zuba wa babba ido, mace ba ta ƙura wa baƙo ido, suruki yana gaida surukinsa kansa a ƙasa. Kunya ce da ladabi. To sai yaron da ya taso da wannan tarbiyya ya tsinci kansa a gaban mai ɗaukar aiki, ko ɗan sanda, ko jami'in biza, kansa a sunkuye, muryarsa tana rawa, yana amsa tambaya da kalma ɗaya. Wanda ke gabansa sai ya karanta ladabinsa a matsayin ɓoye wani abu. Bayan shi sai ga wani ya shigo da ƙwarin gwiwa, ido cikin ido, baki kamar an jiƙa shi da zuma, ya wuce salin alin. Wannan zalunci ne da ake yi kullum ba tare da mai yin sa ya san yana yi ba, kuma mu kanmu da muka san asalin sunkuyar da kan mun fara auna mutane da wannan mudun aro.

Hawaye ma haka. An ruwaito cewa wata mata ta zo gaban Alƙali Shuraihu na Kufa tana kuka mai tsanani, Sha'abi da ke zaune ya ce yana ganin matar nan an zalunce ta. Shuraihu ya tuna masa cewa 'yan uwan Annabi Yusuf sun zo wa mahaifinsu da dare suna kuka. Bai ce matar ƙarya take yi ba, ya dai ƙi barin kukan ya zama hujja. Rantsuwa kuwa, duk wanda ya daɗe a kasuwa ya san cewa wanda ke jero wallahi tallahi tun kafin a musa masa, akwai abin da yake cike gurbinsa. Alƙur'ani da kansa, a Suratul Munafiƙun, ya siffanta wasu mutane da cewa idan ka gan su jikinsu zai burge ka, idan suka yi magana za ka saurara. Kyan siffa da daɗin baki tun wancan zamanin ba su zama shaida ba.

Abin da ya fi fuska da baki ƙarfi wajen kwance mana ɗamara shi ne mu ji cewa mutum namu ne. Garinmu ɗaya, masallacinmu ɗaya, malaminmu ɗaya, harshenmu ɗaya, ya san sunan kakana. Bernard Madoff, wanda asirinsa ya tonu a Amurka a watan Disamba na 2008, ya taɓa shugabantar kasuwar hannun jari ta Nasdaq, dattijo ne mai furfura da natsuwa, mai ba da taimako ga ƙungiyoyin jinƙai. Da yawa daga waɗanda ya cinye wa dukiya 'yan uwansa Yahudawa ne da gidauniyoyinsu, waɗanda suka ba shi kuɗi saboda nasu ne. Kuɗin da takardunsa ke nuna wa masu ajiya sun kai kusan dala biliyan 65, alhali yawancinsu babu su, kuma kotu ta ɗaure shi shekara 150. Bai riƙa bin mutane yana roƙo ba. Sai ma ya riƙa nuna kamar ba kowa yake karɓa ba, har mutum ya ga alfarma aka yi masa da aka amshi kuɗinsa.

Mu ma mun ga namu. A 2016 MMM, wata harkar saka kuɗi ta intanet, ta mamaye Najeriya da alƙawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, har ranar da ta rufe asusun mutane a tsakiyar Disamban shekarar. Hukumar inshorar ajiyar bankuna ta ƙasa, NDIC, ta ce kimanin mutum miliyan 3 sun yi asarar naira biliyan 18. A watan Afrilun 2025 aka sake maimaita irin wannan kukan da CBEX, wata harkar saka kuɗi ta intanet makamanciyarta. Abin lura shi ne kusan babu wanda ya shiga MMM saboda ya yarda da Sergei Mavrodi, Barashen da ya ƙirƙiro ta, wanda ma an taɓa ɗaure shi a ƙasarsa kan irin wannan aiki. Mutane sun shiga ne saboda yaya, ko abokiyar aiki, ko maƙwabci, wanda ya nuna musu shaidar shigar kuɗi a wayarsa. Kuma mai nuna shaidar ba ƙarya yake yi ba. An biya shi da gaske, ya yi imani da gaske, yana son ɗan uwansa da alheri da gaske. Duk alamar gaskiya da za ka nema a fuskarsa za ka samu, domin gaskiyar yake faɗa iya saninsa. A nan ne lissafin fuska ya rushe gaba ɗaya. Mai zuciya fara tas yana iya riƙe hannunka ya kai ka rami, in shi ma bai ga ramin ba.

Malaman hadisi sun daɗe da gane wannan, kuma ban san wani fanni da ya yi wa tambayar wa za a yarda da shi hidima kamar nasu ba. Sun raba abin gida biyu. Akwai adalcin mai ruwaya, wato addininsa da mutuncinsa da nisantar ƙarya. Akwai kuma kiyayewarsa, wato ko ya riƙe abin da ya ji daidai, bai cakuɗa ba, bai manta ba. Dole a sami duka biyun. An ruwaito Imamu Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan hijira, yana cewa ya riski mutum saba'in a masallacin Madina suna ba da hadisi, kowannensu da za a ba shi amanar baitulmali zai riƙe, amma bai karɓi komai daga gare su ba, domin ba ma'abota wannan fanni ba ne. Mutum ya isa a ba shi makullin taskar gwamnati, amma bai isa a karɓi jimla ɗaya daga bakinsa ba. 'Yar dattijon Madyana da ta ba mahaifinta shawarar ɗaukar Annabi Musa aiki ma siffa biyu ta ambata, mai ƙarfi kuma amintacce.

A rayuwarmu ta yau da kullum mukan haɗe waɗannan biyun mu cutu. Mukan kai mara lafiya wurin mutumin kirki wanda bai san magani ba. Mukan ba limamin unguwa ko dattijon dangi riƙon kuɗin ƙungiya saboda tsoron Allahnsa, alhali bai taɓa riƙe littafin lissafi ba, ranar da kuɗi suka ƙi cika kuma a ɓata masa suna da zargin da bai ji ba bai gani ba. Uwar adashin da ba ta taɓa cin sisin kowa ba tana iya rushe adashi idan ba ta iya cewa a'a ga ƙawarta mai neman kwasa kafin lokacinta. Amana ba dunƙulen abu ɗaya ba ce da ake ba mutum gaba ɗaya. Akwai wanda zan ba ajiyar kuɗi ba zan ba shi sirri ba, akwai wanda zan bar wa 'ya'yana ba zan ba shi motata ba, kuma ban raina ko ɗayansu ba.

Daga Malik ɗin dai aka ruwaito cewa an taɓa yi masa tambayoyi 48, ya amsa 32 daga ciki da ban sani ba. Ina ganin a cikin duk alamomin da ake iya gani a zama ɗaya, wannan ta fi kusa da abin dogaro, saboda tana da tsada. Wanda ya ce ban sani ba ya yi asarar wani abu nan take, girma ko ciniki. Na taɓa kai mota wurin wani makanike, ya ɗaga murfi, ya saurari injin, ya ce mini matsalar ta waya ce, shi kuma ba aikinsa ba ne, in ya taɓa zai ɓata mini kuɗi, ya kwatanta mini wani a gaba. Ya rasa aikin wannan rana. Shekaru ke nan ban kai mota wurin kowa ba sai da shawararsa. Haka mai kanti da zai ce maka wannan atamfar tana zuba, ɗauki waccan ko da ribarta ta fi ƙanƙanta, ko dillalin da zai faɗa maka cewa filin yana cin ruwa da damina. Maganar da ta ci karo da amfanin mai yin ta tana da nauyin da yabon kai ba zai taɓa samu ba.

Sai dai ita ma wannan ƙwararren macuci ya san da ita, kuma yana zuba jari a cikinta. Zai dawo maka da canjin da ka manta. Zai ci bashin dubu ashirin ya biya kafin ranar da aka sa, ya ci na dubu ɗari ya biya har da godiya, sai a na miliyan biyar wayarsa ta daina shiga. 'Yan kasuwar da suka sha wannan ɗacin sun san cewa biyan ƙaramin bashi ba ya nuna abin da mutum zai yi da babba. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Abin da ya sa tambayoyin Umar suka fi kowace alama ƙarfi shi ne dukkansu suna buƙatar lokaci da matsi. Maƙwabtaka shekaru ce, kuma katanga ba ta ɓoye yadda mutum yake da iyalinsa. Kuɗi suna taɓa inda kwaɗayi yake kwance. Tafiya kuwa tana zuwa da yunwa da gajiya da ƙarancin guzuri, inda ba mai iya riƙe fuskar aro tsawon kwanaki. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayo goro suna shafe watanni a hanya, kuma wanda ya dawo daga irin wannan tafiya ba sauran abin da ayari bai sani ba game da shi.

Kakanninmu ba su tsaya ga karantar fuska ba, tsari suka gina, kuma misalin da ya fi fito da wannan shi ne cinikin shanu a Sabo ta Ibadan. Wani masanin zamantakewa, Abner Cohen, ya zauna da Hausawan unguwar a farkon shekarun 1960 ya rubuta yadda abin ke gudana. A lokacin ana sayar da shanu kimanin dubu 75 a shekara a kasuwar Ibadan. Mai shanu ya taso daga Arewa, baƙo ne, bai san gari ba, wataƙila ba ya jin Yarabanci. Masu saye mahauta ne Yarabawa, waɗanda yawanci ba su da kuɗin biya nan take, sai sun yanka sun sayar. Shanun kuma ba za su iya dogon jira ba, saboda cutar da ƙudan tsando ke sa musu a kurmi. Dole a ba da bashi, ga mutumin da ba a sani ba, ba takarda, ba banki, ba kotun da baƙo zai tsaya jira. A ido, wannan ciniki bai kamata ya yiwu ba, amma ya yi ta gudana shekara da shekaru.

Abin da ya riƙe shi shi ne maigida. Baƙo yana sauka a gidansa, ya ci abincinsa, ya ajiye kuɗinsa a wurinsa. Maigida yana da dillalai waɗanda aikinsu shi ne sanin mahauta ɗaya bayan ɗaya, wa ke biya a kan lokaci, wa ake bi bashi a wani gidan, wa ya isa a ba shi sa ɗaya, wa ya isa a ba shi biyar. Idan an yi ciniki, maigida ne ke tsayawa lamuni. In mahauci ya ƙi biya, shi zai biya mai shanu daga aljihunsa. Shi kuma maigida ba zai iya guduwa ba, domin gidajensa da iyalinsa da yaransa da duk abin da ya tara suna nan Sabo, ga Sarkin Hausawa da ake kai ƙara wurinsa, ga labari da ke komawa Arewa tare da kowane fatake. Ranar da aka ji ya ci amanar baƙo ɗaya, baƙi sun daina sauka gidansa. Mahaucin da ya ƙi biya shi ma zai wayi gari ba mai ba shi ko maraƙi.

Ba ina cewa mutanen wancan zamani waliyyai ne ba. A cikinsu akwai mai tsoron Allah, akwai wanda tsoron asara kawai ya riƙe shi, kuma tsarin bai damu da ya tantance su ba. Abin da ya yi shi ne ya sa cin amana ya fi riƙe ta tsada, ya kuma sa mutum yana da abin da zai rasa a wurin da ake iya samunsa. Har yau ragowar wannan tana nan. A Kantin Kwari ana ɗaukar kayan miliyoyi da baki, 'yan canji a Wapa suna tura kuɗi ƙasashe da kiran waya ɗaya, kuma a duka biyun tambayar farko ita ce yaron wane ne, wa ya tsaya masa. Binciken da iyaye ke yi kafin ba da aure shi ma daga wannan tushe yake. Ba saurayin ake tambaya ba, tunda an san abin da zai ce. Unguwarsu ake zuwa, da wurin sana'arsa, a ji bakin waɗanda ba su da riba a cikin yabonsa.

Wannan tsari yana da nasa zaluncin, kuma bai kamata a rufe ido a kai ba. Wanda ba shi da mai tsaya masa, maraya ko baƙo ko ɗan talakan da mahaifinsa ba shi da suna a kasuwa, yana iya fin kowa gaskiya amma ƙofa ta ƙi buɗe masa. Ɗan babban gida kuwa yana cin gadon amanar da bai yi wa wahala ba, wani lokaci ya cinye dukiyar mutane da sunan kakansa kafin a farga. Tsegumi ɗaya na mahassadi yana iya rushe sunan da aka yi shekara ashirin ana ginawa, musamman sunan mace, wadda sau da yawa ba a ba ta damar kare kanta. Duk da haka, gyaran wannan shi ne a buɗe wa sabon shiga hanyar gwada kansa da kaɗan kaɗan, kamar yadda iyayen gida na ƙwarai ke yi wa yaran shago har su yaye su da jari.

Waya ta zo ta cire maƙwabtaka, ta cire tafiya, ta bar mana fuska da murya, wato daidai abubuwa biyun da suka fi sauƙin aro. Mai sayar da kaya a Instagram ko TikTok ba shi da rumfar da za a je a same shi. Yawan mabiya ana saye, yabon masu saye ana rubutawa, alamar shuɗin maki da a da ke nufin an tantance mutum yanzu a wasu dandalin kuɗin wata ake biya a samu. Ana sace lambar WhatsApp ɗin mutum a riƙa roƙon kuɗi da sunansa a wurin danginsa, ana tura saƙon shigar kuɗi na bogi, kuma fasahar kwaikwayon murya ta kai inda jin muryar ɗan uwanka ma bai isa hujja ba. Mai wa'azi ko mai sharhin da muke gani a bidiyon minti uku, mun ga abin da ya zaɓa mu gani ne, bayan ya yanke abin da bai so. Mukan ji kamar mun san shi saboda kullum yana cikin tafin hannunmu, har mu yi faɗa da 'yan uwanmu a kansa, alhali matsayinmu bai wuce na mutumin nan da ya ga wani a masallaci yana sunkuyar da kai ba. Abin da ya rage mai amfani shi ne tsohon ma'auni. Ina ake samunsa in abu ya ɓaci, wa ya san shi wanda ni ma na sani, me ya faɗa bara kuma ya yake da abin da yake faɗa bana, ya taɓa fitowa ya ce na yi kuskure.

Sunan Al'amin da mutanen Makka suka sa wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba a rana ɗaya aka sa shi ba. Shekara arba'in suka yi suna maƙwabtaka da shi, suna ciniki da shi, suna tafiya da shi, kafin ya zo musu da saƙo. Lokacin da Hiraƙla sarkin Rum ya tambayi Abu Sufyan, wanda a ranar abokin gaba ne, ko sun taɓa tuhumarsa da ƙarya kafin ya faɗi abin da ya faɗa, a'a ya ce. A daren hijira kuma an bar Sayyidina Ali a Makka ya mayar wa mutane ajiyarsu, a garin da manyansa suka ƙulla kashe mai riƙe da ajiyar. A namu tarihin na kusa, abin da ya sa har yau ake ambaton Malam Aminu Kano da wata irin murya ta daban bai tsaya ga iya jawabinsa ba, duk da ya iya. Ya ajiye aikin koyarwa a 1950 ya rungumi gwagwarmayar NEPU lokacin da hakan ke jawo ɗauri da duka ga mabiya, ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya a gwamnatin Gowon, ya yi takarar shugaban ƙasa a PRP a 1979, kuma da ya rasu a Afrilun 1983 gidansa na Gwammaja yana nan kowa na gani, daidai da abin da ya yi shekara talatin yana faɗa wa talakawa. Har waɗanda suka yi adawa da siyasarsa ba a nan suke kama shi ba.

Akwai wata al'ada tamu da nake ganin tana taimakon macuta fiye da kowace dabara tasu, ita ce jin kunyar rubutu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka, tana umarni a rubuta, a kafa shaidu, kada a ƙosa da rubuta shi ƙarami ne ko babba. Sahabbai aka fara faɗa wa wannan, mutanen da suka fi mu amana nesa ba kusa ba. Mu kuwa da zarar ka ce a rubuta, sai fuska ta canja, a ce haba Alhaji, ashe ba ka yarda da ni ba, har yaushe takarda ta shiga tsakaninmu. Sai kunya ta kama ka, ka mayar da biro aljihu. Gidaje nawa ne zumuncinsu ya tsinke a kan filin da aka saya da baki, ko jarin da aka ba ƙane ba a faɗi ko rance ne ko haɗin gwiwa ba, sai bayan mutuwa magada su tsaya gaban alƙali kowa da abin da ya ji. A mafi yawan irin waɗannan rigingimu babu ɓarawo ko ɗaya, mantuwa ce da saɓanin fahimta da ajali.

Na san wani dattijo mai sayar da hatsi wanda ko buhu ɗaya ya karɓa bashi sai ya ciro ɗan littafinsa, ya rubuta kwanan wata da adadi da ranar biya, ya kira yaron shagon maƙwabcinsa ya karanta a gaban mai kayan, sannan ya yage kwafi ya miƙa. Masu ba shi kaya sukan ce Baba ai ba sai an yi haka ba, mun san ka. Shi kuma yakan ce ni kuka sani, ba ku san 'ya'yana ba, kuma ban san ranar da za a kira ni ba.